Taimako Ko Algus? Game Da Aikin Gidan Fiziks Da Wani Ya Yi Maka



'Yan uwa, akwai tambayar da ɗalibai suke yawan jefo mini, musamman 'yan aji biyar da aji shida na sakandare masu karatun kimiyya, da kuma 'yan shekarar farko a Jami'ar Tarayya ta Dutse da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha. Lafazin yakan bambanta, amma ma'anar ɗaya ce: "Malam, an ba mu aikin gida a fiziks, a babin motsin juyawa. Na duba na sake dubawa, ban gane komai ba. Abokina ya iya, wayata ma ta iya. In na nemi taimako na yi laifi?"

Amsa a dunƙule ita ce neman taimako a karatu ba laifi ba ne. Wani lokaci ma barinsa shi ne laifin. Alƙur'ani a Suratun Nahli ya umurci wanda bai sani ba ya tambayi masana, Bahaushe kuma ya ce matambayi ba ya ɓata. To amma kalmar "taimako" a bakin ɗalibanmu abu biyu take ɗauke da su, ɗaya ibada ne, ɗayan kuma ha'inci. Saboda suna ɗaya ake kiransu da shi, da yawa sun faɗa cikin na biyu suna zaton na farko suke yi.

Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa ba ka yanke hukunci a kan abu sai ka fara fahimtar shi kansa abin. Don haka kafin mu shiga halal da haram, bari mu fara duba wai shin mene ne ma wannan babi, kuma me malami yake nema da ya ba da aiki a kansa.

MENE NE MOTSIN JUYAWA?

Duk abin da yake kewaya wata cibiya yana cikin wannan babi: tayar babur, fanka, injin niƙa, keken ɗinki, ƙofa a kan hinjinta, har katantanwar da muka murza muna yara. Abin mamaki, mutanen garin nan da ba su taɓa shiga ajin kimiyya ba suna aiki da dokokinsa kullum.

Je ka wajen bakanike ka tsaya. Noti ya cije, ya sa sifana ya danna ya ƙi motsi. Me zai yi? Sai ya ɗauko dogon fayif ya zura a hannun sifanar, ya danna da ƙarfin nan dai na ɗazu, noti ya saki. Ƙarfin damtsensa bai ƙaru ba, nisan hannunsa daga notin ne ya ƙaru. Abin da littafi yake kira tok ke nan, wato ƙarfin murɗa: ka ɗauki ƙarfin da aka sa, ka ninka shi da nisansa daga cibiyar juyawa. In sifana santimita 25 ce, aka danna da ƙarfin niyuton 200, murɗar ta zama 50. In aka sa fayif tsawon ya kai mita 1, ta zama 200. Ninki huɗu ke nan, ba tare da mutum ya ƙara ko loma ɗaya ta tuwo ba.

Leƙa wajen mai injin niƙa. Bel ɗaya ne ya haɗa faifai biyu, ƙarami a jikin injin, babba a jikin maniƙa. In faɗin ƙaramin santimita 10 ne, yana zagaye 1,500 a minti, babban kuma santimita 30, to babban zagaye 500 zai yi a minti. Gudu ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, ƙarfin murɗa kuma ya ninka uku, shi ya sa yake iya murƙushe masara.

Tuna kuma da kakanninmu mata masu kaɗi. Me ya sa ake liƙa dunƙulen yumɓu a jikin mazari? Domin tsinke shi kaɗai in ka murza nan take zai tsaya. Nauyin da aka ɗora masa shi ne yake sa ya daɗe yana juyi, kuma iya nisan nauyin daga tsakiya iya wahalar tayar da juyin da wahalar tsayar da shi. Wannan shi ne abin da masanin lissafi Oila ya tsara lissafinsa a littafinsa na shekarar 1765, bayan Niyuton ya shimfiɗa dokokin motsi a 1687. Tsohuwa a Kiyawa ko Jahun ta san shi a yatsunta tun kafin a kawo shi aji.

Mu limamai ma ba mu tsira ba. Ƙasa tana cika zagaye ɗaya, digiri 360, a awa 24. Digiri 15 ke nan a kowace awa, minti 4 a kowane digiri. Tsakanin Dutse da Sakkwato akwai kimanin digiri 4 daga gabas zuwa yamma, shi ya sa rana take yin zawali a nan kimanin minti 16 kafin ta yi a can. Duk jadawalin lokutan salla da ke manne a bangon masallaci a kan wannan lissafi aka gina shi.

To ka ga babin ba tatsuniya ba ne. Abin da yake ba ɗalibai wuya shi ne a nan ne fiziks yake daina karɓar hadda. A babukan baya yaro yakan haddace fomula ya zuba lambobi ya wuce. A nan kuwa dole ya zana hoton abin, ya gano ina cibiyar take, ya san wane ƙarfi ne yake murɗawa dama wane ne yake murɗawa hagu, ya mayar da zagaye a minti zuwa radiyan a daƙiƙa. Wannan ba ya zama a kai sai mutum ya yi da hannunsa, ya kuskure, ya goge, ya sake. Dalilin ba da aikin gida ke nan. Malamin ai ya san amsar, ba ita ce ta dame shi ba. So yake ka sha wannan wahalar da kanka, sannan ya ga inda ka tsaya.

MAKI MA'AUNI NE

Akwai abu guda a cikin wannan babi da ya shafi maganarmu kai tsaye, shi ne sikeli mai hannu biyu. Sikeli yana tsayawa daidai ne idan murɗar dama ta yi daidai da ta hagu. In aka gusar da cibiyarsa kaɗan, hannun da ake ɗora kaya ya zama santimita 51, na dutsen awo kuma 50, to kaya kilo 49 da 'yar ɗoriya za su tsaya daidai da dutsen kilo 50. Ido zai ga sikeli a miƙe, mai saye ya tafi yana godiya, alhali an tauye shi kusan kilo guda.

Magabata sun ba wannan ilimi muhimmanci saboda amana. Abdurrahman Al-Khazini, wanda ya rayu a birnin Marwa, ya rubuta littafinsa Mizanul Hikma wajajen shekarar 1121, ya bayyana wani sikeli mai tsananin daidaito wanda daga cikin amfaninsa akwai bambance tsantsar zinare da wanda aka yi wa gauraye. Kun ga ilimin da ɗanmu yake son ya yi algus a cikinsa, tun asali an yi masa hidima ne don a kama algus.

Makin da malami yake bayarwa shi ma ma'auni ne. A manyan makarantunmu aikin gida da gwajin cikin zango sukan ɗauki maki 30 ko 40 cikin 100. Lokacin da ka rubuta sunanka da lambarka a saman takarda ka miƙa, cewa kake yi: ga abin da ke kaina, a auna. In abin da ke takardar daga kan wani ya fito, ka ɗora dutsen wani a ma'auninka. Mu da muke karanta Suratul Muɗaffifina, muka san irin narkon da aka yi wa masu tauye mudu, bai kamata mu ɗauka ma'auni sai na gero da dawa ba.

Ku dubi hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani mai sayar da abinci a tsibe, ya zura hannunsa mai albarka a ciki sai ya ji danshi. Da ya tambaya, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tuhume shi a kan me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya nesanta mai algus daga tafarkinsa. Ku lura da kyau: ba a zargi mutumin don abincinsa ya jiƙe ba, ruwan sama ba laifinsa ba ne. Ɓoyewar aka zarga. Duk wanda ya taɓa sayen buhun hatsi a kasuwar Shuwarin ya zo gida ya tarar sama daban ƙasa daban ya san zafin wannan.

Haka rashin gane fiziks yake. Wataƙila ajinku mutum ɗari ne da wani abu, malami ɗaya. Wataƙila makarantar da ka fito ba ka taɓa ganin ɗakin gwaji a buɗe ba. Wataƙila Turancin littafin ne ya tsaya maka a wuya. Duk wannan ruwan sama ne, ba a kama ka da shi ba. Laifin yana farawa ne daga lokacin da ka shimfiɗa busasshen aikin wani a sama ka rufe danshin.

INA IYAKAR TAKE?

Ga yadda nake raba su, kuma ina ganin duk mai gaskiya da kansa zai gane a wane ɓangare yake.

Taimakon da ya halatta, har ma ake samun lada a kansa, shi ne wanda in an gama ilimin ya koma kanka. Wani ya zauna da kai ya bayyana maka me ya sa ake ninka ƙarfi da nisa. Ya warware maka wata tambaya mai kama da taka, da wasu lambobi daban, kana kallo. Ka yi naka ka kawo masa, ya ce duba layi na uku, ka manta ba ka mayar da santimita zuwa mita ba, ka koma ka gyara da kanka. Ko ku haɗu ku huɗu bayan la'asar kuna muzakara, kowa ya koma ɗakinsa ya rubuta abin da ya fahimta. Wannan duk karatu ne.

Wanda bai halatta ba shi ne wanda in an gama takarda ta cika, kai kuma yana nan fayau. An turo maka hoton amsa ka kwafe. Ka ba wani kuɗi ya yi maka. Ka ɗauki hoton tambaya ka ba manhaja, ta zubo bayani, ka juye shi a takarda ko karantawa ba ka yi ba.

In kana shakka, ga gwaji mai sauƙi. Rufe littafi, kife waya, canza lambobin tambayar, sifanar ta zama santimita 40 maimakon 25. Za ka iya yi? In ka iya, an taimake ka. In ba ka iya ba, aiki aka yi maka, kuma sa sunanka a kai ƙarya ce. Gwaji na biyu: za ka iya gaya wa malamin da ya ba da aikin ainihin yadda aka yi ba tare da gabanka ya faɗi ba? Zunubi dai an siffanta mana shi da abin da yake sosa zuciya, mutum yana ƙin a gano shi.

Sannan akwai sharaɗin malami. In ya ce ku yi a ƙungiya, ko ya ce ku nemi bayani duk inda kuka ga dama, to an buɗe ƙofa. In ya ce kowa ya yi shi kaɗai, ka karɓi aikin a kan haka, to alƙawari ne ya hau kanka, Musulmi kuma yana kan sharaɗin da ya ɗauka.

Mu da muka taso a makarantar allo mun san wannan bambanci tun muna ƙanana. Gardi yana biya wa ƙolo karatu sau goma, sau ashirin, ba wanda ya taɓa cewa an yi ha'inci. Amma ba a taɓa jin gardin da ya yi wa wani hadda ba. Ranar da za ka kawo allonka gaban malam kai kaɗai ne, in bai zauna ba ba za a ce ka wanke ba. A zaure ma haka ne, ɗalibi shi yake jan baƙi da bakinsa, malam yana fassara yana gyara. Abin da wancan tsari ya gane shi ne ana iya raka mutum hanya, amma ƙafarsa ce za ta taka.

Akwai kuma ladabin faɗin wanda ya taimake ka. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, yana lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wajensu da abin da ya karanta gun kowanne. Al-Jazari, injiniyan da ya kammala littafinsa na na'urori a shekarar 1206 a Diyarbakir, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya ƙera injinan ɗaga ruwa masu aiki da juyawar ƙafafu da haƙora, ya ambaci waɗanda suka gabace shi, irin su 'ya'yan Musa ɗan Shakir na Bagadaza. Ambaton bai rage musu komai ba. Ɗalibin da ya rubuta a ƙasan takardarsa cewa wane ne ya nuna mini hanyar tambaya ta biyar ya bi sawun manya.

UZURORIN DA NAKE JI

Na farko: "Malam, ni likitanci nake so, ko kwamfuta, me zan yi da tok?" Ɗan uwa, injin da ake raba jini da shi a ɗakin gwajin asibiti da juyawa yake aiki, kuma in ba a daidaita nauyin kwalaben da ke cikinsa ba girgiza zai yi ta yi har ya lalace. Amma bar wannan ma. Ko da babin ba zai taɓa amfanarka ba, takardar shaidar da za a ba ka cewa za ta yi ka san shi. Rashin buƙatarka ga abu ba ya halatta maka ka yi da'awar mallakarsa. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim yana kamanta mai nuna an ba shi abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafin ƙarya. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Na biyu: "Kowa haka yake yi, in na ƙi ni zan zo na ƙarshe." Wannan uzuri yana da zafi, ba zan raina shi ba. Gaskiya ne mai kwafa yakan ci 10 cikin 10, mai gaskiya ya ci 5. Amma ka ga wannan shi ne yake nuna akwai wanda ake zalunta, wato ɗalibin da ya kwana yana fama. Duk wanda ya shiga layin masu kwafa ya ƙara wa wancan nauyi. Kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maki 60 ko 70 na jarrabawa suna nan suna jira, a zauren da babu aboki babu waya. Tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yinta, kai da allo da agogo. Biyar ɗin da ka samu da guminka su ne za su bi ka can.

Na uku: "Ai ba jarrabawa ba ce, aikin gida ne kawai." Dokar ƙasa ta 1999 a kan maguɗin jarrabawa ta tanadi tara da ɗauri, kuma gaskiya ne ba wanda zai kai ka kotu don ka kwafi aikin gida. Amma yaron da aka kama da takarda a aljihu ranar WAEC ko NECO ba ranar ya fara ba. Ya fara ne ranar da ya kwafi aikin gida aka yi masa alamar daidai da jan biro, ya ji daɗi, ba abin da ya faru. Zuciya a ƙananan abubuwa take sabawa.

Na huɗu, kuma shi ya fi yawa a wajen yaran kirki masu ƙoƙari: "Abokina ne, in na hana shi zai ce na yi rowa, ga shi in ya faɗi sai ya maimaita kwas, mahaifinsa kuma da ƙyar yake haɗa kuɗin makaranta." Wannan ita ce mas'alar da ta fi wuya, domin tausayi ne na gaske yake jan mutum. Aya ta biyu a Suratul Ma'ida ta haɗa umurni da hani a waje ɗaya: a taimaki juna a kan alheri, kada a taimaki juna a kan saɓo. Kai da ka iya, ba a ce ka juya masa baya ba, ɓoye ilimi ma abin zargi ne. Abin da za ka ba shi lokacinka ne. Tura hoton amsa daƙiƙa biyar ne, zama da mutum a koya masa awa biyu ne, shi ya sa da yawa muke zaɓar na farko mu kira shi zumunci. Ce masa: zo bayan isha'i da littafinka. Ku yi uku tare da wasu lambobi, ya gwada sauran. In gari ya waye shida ya iya cikin goma, ya miƙa shidan. Maki huɗu ya rasa, amma ya shiga jarrabawa da abin da zai cece shi daga maimaita kwas ɗin da kuke tsoro.

GAME DA WAYA DA MASU YI DON KUƊI

Manhajojin nan masu amsa tambaya kayan aiki ne, hukuncinsu yana bin yadda aka yi da su. Ga yaron ƙauye da ba shi da wa ko ya da suka yi kimiyya, ba shi da kuɗin lasin, samun abin da zai tambaya da tsakar dare ya yi masa bayani sau goma ba gajiya ni'ima ce, a gode wa Allah. Ka ce mata ta bayyana maka ma'anar radiyan, ta ba ka misali, ta ƙirƙiro maka tambayoyi ka gwada, ta duba inda ka kauce. Amma ka sani tana yin kuskure a lissafi, kuma ta faɗe shi da cikakken ƙarfin hali. Wanda bai fahimci babin ba ba shi da yadda zai gane an ba shi gurɓataccen abu.

Su kuma 'yan uwanmu da suka mayar da yi wa ɗalibai aikin gida da rubuta musu kundin kammala karatu sana'a, ina yi musu nasiha don Allah. Karɓar lada a kan koyarwa halal ne, buga rubutu da gyara shi halal ne. Amma karɓar kuɗi don ka rubuta abin da ka san wani zai sa sunansa ya miƙa a matsayin nasa, kuɗi ne a kan taimakon yaudara. Wanda ya iya fiziks har ake biyansa ya yi wa wasu, ai ya iya abin da zai buɗe ajin lasin da shi ya ci halal ɗinsa.

Iyaye da yayye, ku ma a kula. Yaro ya zo yana kuka da aikin gida, ka karɓe biro ka rubuta masa don ya yi shiru, ka koya masa darasin da ya fi na makaranta zama a kai. Malaman makaranta kuma, wanda yake maimaita tambayoyi iri ɗaya shekara da shekaru, ko yake ba da maki ba tare da ya karanta ba, shi ma yana da kaso. Ma'aunin a hannunku yake. Ko kiran ɗalibi biyu ko uku gaban allo su bayyana abin da suka rubuta ya isa ya canza halin aji gaba ɗaya.

ABIN DA YA SA NA TSAWAITA

Jihar nan tun da aka ƙirƙiro ta a 1991 take neman 'ya'yanta masu ilimin kimiyya. An buɗe Jami'ar Tarayya a Dutse a 2011, ga ta jiha a Kafin Hausa, ga makarantun sakandaren kimiyya. Waɗanda suke cikinsu yau su ne gobe za su zana mana hanyoyi, su kula da injinan ruwa, su koyar da 'ya'yanmu.

Kuma wannan babi na juyawa yana da wata doka da ba ta da sassauci: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ake buƙata don riƙe abu a kan kewayensa ninki huɗu yake yi. Motar da ta shiga kwana da gudun kilomita 80 tana buƙatar riƙon taya ninki huɗu na wadda ta shiga da 40. Dutsen injin yankan ƙarfe na masu walda akwai iyakar gudun da aka rubuta a jikinsa, in aka ɗora shi a injin da ya wuce wannan yana iya tarwatsewa a fuskar mai aiki. Injiniyan da ya tsallake wannan darasi da amsar aro, aka ba shi shaida, aka ɗauke shi aiki, ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba, kwanar da ya zana ba ta san makinsa ba. Waɗanda za su biya kuwa mutane ne da ba su ji ba ba su gani ba.

Wanda ya riga ya yi a baya, ƙofar tuba a buɗe take. Ya daina, ya yi nadama, sannan ya koma ya koyi abin da ya tsallake, domin gyaran wannan laifi shi ne ilimin da takarda ta ce yana da shi ya zama yana da shi da gaske. Littafin yana nan, kuma babin da ya gagare ka kana shekara 17 sau da yawa za ka tarar ya yi sauƙi in ka dawo masa da niyya.

Ɗalibai kuma da kuke ciki yanzu, ku yi tambaya har sai kun gane, kada kunya ta hana ku. Ku je wajen malaminku a ofis, ku nemi na gaba da ku, ku tsaya wajen bakanike da mai niƙa ku ga abin da idonku. Sannan in an zo rubutawa, kowa ya rubuta abin da ya sani, inda bai sani ba ya bar danshin a sama malami ya gani, don ta nan ne za a san inda za a gyara masa.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu daga ha'inci ƙanƙaninsa da babbansa, Ya yi wa karatun 'ya'yanmu albarka. Wallahu a'alam.